Kisan gem da kisan gaske: a ina magana ke tsallake fage?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da samari huɗu da suka haɗa tawaga suna buga PUBG ko Free Fire ya san irin maganganun da ke tashi. "Ga shi can bayan dutse, fasa mashi kai!" "Na kwantar da biyu, zo ka ƙarasa su." "Kashe shi, kada ka bari ya tashi!" Da ƙarfi ake faɗa, ana dariya, waya na jone da caji. A wani garin ƙila a ji a wuce. A Katsina kuwa kunne ba ya barin irin wannan magana ta wuce salin alin, domin jiha ce da kusan kowane gida ya san wani da aka kashe ko aka shiga daji da shi. Shi ya sa iyaye ke tambaya ko abin da baki ya saba da shi ba zai gangara zuciya ba, su kuma yaran su ce wasa ne kawai, babu wanda ya mutu.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ne. Kalmar kisa a cikin gem ba ita ce abin tsoro ba. Abin dubawa shi ne wa aka nufa da ita, ko ya yarda a yi wasan da shi, da kuma ko maganar ta tsaya a cikin wasan ko ta biyo mutum har ƙofar gidansu.

Sai an san yadda wasan yake kafin a yanke hukunci a kan bakin masu yin sa. Wani kamfanin Koriya ta Kudu ne ya fitar da PUBG a 2017, a 2018 kuma Tencent na ƙasar Sin ya kawo shi waya. Mutum 100 ake sauke wa da lema a wani tsibiri, kowa ya nemi makami, fili yana ta matsewa, wanda ya rage shi ne gwani. Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo shi ma a 2017 ya fito, mutum 50 ne, zagaye ɗaya bai cika wuce minti 10 ba, kuma yana tafiya a ƙaramar waya, dalilin da ya sa ya samu karɓuwa a wurinmu ke nan. Call of Duty na waya ya biyo baya a Oktoban 2019. A duk waɗannan, idan aka harbi ɗan tawaga ba nan take yake fita ba, faɗuwa yake yi yana rarrafe, abokinsa na iya zuwa ya tashe shi. To a nan "na kwantar da shi" da "ƙarasa shi" suka samo asali. Umarni ne na gaggawa tsakanin mutanen da ke da daƙiƙa biyu su yanke shawara. Yaron da ya ce "ƙarasa shi" ba ƙiyayya yake furtawa ba, yana sanar da abokinsa ne cewa idan aka yi jinkiri za a tashi wancan ya dawo.

Kamfanonin da kansu sun daɗe suna fama da wannan batu, kuma hanyar da suka fi bi ita ce sauya suna da sauya launi. Da Mortal Kombat ya fito a 1992 da jininsa da cire kawunansa, Nintendo ya mayar da jinin gumi mai launin toka a nasa samfurin na 1993. A watan Disambar wannan shekara Majalisar Dattawan Amurka ta yi zaman sauraron bahasi a kan wasannin, abin da ya haifar da hukumar ESRB a 1994, mai rubuta wa kowane gem shekarun da suka dace da shi. A Mayun 2019 Tencent ya janye PUBG daga wayoyin ƙasar Sin saboda gwamnati ba ta ba shi izinin samun kuɗi da shi ba, ya maye gurbinsa da Game for Peace. Tsarin wasan kusan ɗaya ne, sai dai an ce atisayen soja ake yi, babu jini, kuma wanda aka harbe yakan ɗaga hannu ya yi sallama sannan ya ɓace. Indiya ta haramta PUBG na waya a Satumbar 2020, a lokacin da take takun saƙa da Sin a kan iyaka, bisa dalilin tsaron bayanai. Da wasan ya dawo a Yulin 2021 da sunan Battlegrounds Mobile India, an cire kalmar kisa daga allo an sa wadda ke nufin gamawa, jini kuma ya koma kore. Wasan Fortnite shi tun farko fitarwa yake cewa, ba kisa ba.

Ban ga laifin a tausasa wa ƙananan yara abin da suke gani ba. Amma mu faɗi gaskiya, bindigar tana nan, saitin kai yana nan, ladan da ake ba wanda ya fi harbi yana nan. Wannan gyara na neman lasisi ne da kwantar da hankalin hukuma. Kuma yaron da ke buga wasan, ko me aka rubuta a allo, abin da zai faɗa wa abokinsa shi ne "na kashe uku". Irin wannan ne ya faru a TikTok, inda tsoron na'urar tace kalamai ya sa masu amfani da Ingilishi suka ƙirƙiro wata kalma mai nufin raba mutum da rai don kauce wa ambaton kisa ko kashe kai. Sakamakon shi ne mai neman taimako da gaske yana magana a dunƙule, mai mugun nufi kuma ya koyi kalmar da za ta wuce da shi.

Bincike ma bai goyi bayan tsoron kalmar ita kaɗai ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin wasannin faɗa da ƙaruwar zafin rai irin na tsawa da ture-ture, amma a 2020 ta jaddada cewa babu isasshiyar hujjar da za a jingina musu aikata kisa ko ta'addanci. Wani nazari na Jami'ar Oxford da aka wallafa a 2019, a kan matasan Birtaniya kimanin 1,000 masu shekara 14 da 15, bai samu alaƙa tsakanin yawan buga irin wasannin da muguwar ɗabi'a ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtuka a 2019 shi ne kamuwa da gem har ya hana mutum barci, karatu da sana'a, kuma wannan matsala ce daban.

Mu Hausawa ma bai kamata abin ya zame mana baƙo ba, domin muna da dambe. A fagen dambe, idan ɗan wasa ya kai abokin karawarsa ƙasa, cewa ake ya kashe shi. Hannun da aka naɗe da zare mashi ne, ɗayan garkuwa. Makaɗi na zuga, 'yan kallo na ihun "ya yi kisa", Kudu da Arewa da Guramada kowa na kirarin nasa. Duk kalmomin yaƙi ne, amma ba a taɓa jin uwa ta hana ɗanta zuwa kallo don an ambaci kisa ba. Dalili kuwa a fili yake. Su biyun da ƙafarsu suka shigo, kowa ya san abin da ya zo yi. Akwai turmi, akwai mai rabawa. Da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an gama, wanda ya ƙara naushi bayan nan ya yi abin kunya. Wanda aka kashe ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, gobe ya dawo. To amma a ce bayan an watse ɗan damben nan ya bi abokin karawarsa har zauren gidansu ya ce masa "sai na kashe ka". Harafi ɗaya bai canza ba, amma duk wanda ke wurin ya san yanzu ba dambe ake ba, mai unguwa za a kira.

Wannan shingen ne ke da rauni a intanet. Ba ka ganin fuskar wanda kake yi da shi, ba ka san shekarunsa ba, babu dattijon da zai shiga tsakani, kuma makirufo a buɗe yake bayan an gama zagaye. "Na fasa kanka" ana nufin mutum-mutumin da ke allo. "Na san unguwarku, na san shagon da kake zama" kuwa da mai riƙe da wayar ake. Tsakanin jimlolin nan biyu sau da yawa minti ɗaya ne da ɗan zafin an ci mutum.

A ranar 28 ga Disamba 2017, wasu 'yan Call of Duty biyu a Amurka suka yi faɗa a kan cacar dala 1.50. Ɗaya ya yi barazana, ɗayan ya ba da adireshin da ba nasa ba ya ce a zo in an isa. Aka sa wani na uku ya kira 'yan sandan birnin Wichita da ƙaryar cewa an yi kisa a gidan kuma ana garkuwa da mutane. 'Yan sanda suka kewaye gidan, wani magidanci ɗan shekara 28 da bai san hawa ba bai san sauka ba ya buɗe ƙofa, aka harbe shi har lahira. Wanda ya yi kiran an ɗaure shi shekara 20 a 2019. Kafin nan, a 2013, wani matashi a Texas ya yi cacar baki da wani a kan wasan League of Legends, ya rubuta a Facebook cewa zai je makarantar yara ya buɗe wuta. Ya ce gatse yake yi, amma sai da ya kwashe watanni a tsare, aka sa belinsa dala 500,000. Akwai ma wata dabara da ta yaɗu, mutum ya yi wa wani barazana ƙarara sannan ya liƙa "a cikin Minecraft" a ƙarshe, wai don ya ce a cikin gem ɗin Minecraft yake nufi. Namu samarin nasu salon shi ne su ƙara "wasa nake" da hoton fuska mai dariya. Wannan ba ya wanke kowa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga wanda ya aika saƙon barazanar cutar da wani ko sace shi, kuma dokar ba ta ware saƙon da aka aika daga cikin gem ba.

Inda na fi ganin darasi shi ne wurin masu wasan kwaikwayon intanet, waɗanda kowa ke ɗaukar wani hali ya rayu a cikinsa, wannan ɗan sanda, wancan direba, wancan ɓarawo. Mafi shahara shi ne wanda ake yi a kan GTA V, wasan da ya fito a 2013 wanda a Turai aka rubuta wa shekara 18, ta wata manhaja mai suna FiveM da kamfanin Rockstar ya sayi masu ita a Agustan 2023. Wasu kuma da rubutu zalla suke yi a Discord, Telegram ko WhatsApp. Mutum zai zaci a nan ne aka fi sakin baki, alhali su ne suka fi kowa tsaurin doka, don sun gane cewa in babu ita wasan ba ya kwana biyu. A yawancin zaurukansu haramun ne ka kashe wani ba tare da dalili a cikin labarin ba, korar ka za a yi. Dole halin da kake takawa ya ji tsoron mutuwa, idan an ɗora maka bindiga ka ɗaga hannu kamar yadda mai rai zai yi. Sun kuma raba magana gida biyu, ta cikin hali da ta wajen hali, kowace da alamarta, ta yadda in rai ya ɓaci za a fita daga labarin a yi magana da sunan gaskiya.

Dokar da ta fi burge ni ta masu rubutu ce, kuma kacokan a kan zaɓen kalma take. Ba ka da ikon rubuta abin da ya sami halin wani. Za ka iya cewa "ya zaro wuƙa ya kai masa sara ta hagu", ka tsaya nan. Ba za ka ce "ya sare shi ya faɗi matacce" ba, domin faɗuwa ko gocewa ko mutuwa na mai halin ne, shi zai rubuta. Jimla ta farko ta bar wa abokin wasa ƙofa, ta biyu ta ƙwace masa ita. Duk tsananin faɗan da za a rubuta, kowa na riƙe da linzamin nasa. Masu irin wannan wasa na kan teburi, wanda ya samo asali daga Dungeons & Dragons na 1974, wasunsu har kati suke ajiyewa a tsakiya mai alamar X. Duk wanda labari ya taɓo masa wani miki sai ya taɓa katin, a sauya hanya, ba mai tambayarsa dalili.

Rashin irin wannan katin na gani da idona a wayar wani ƙanena da ke karatu a nan cikin birni. Suna da zaure a WhatsApp, su wajen ashirin, suna kwaikwayon wani gari da sarkinsa da 'yan kasuwarsa. Ana cikin haka wani ya ce shi ya zama kacalla, wato shugaban 'yan bindiga, ya kafa daba a daji. Ya sace halin wani yaro, ya fara turo saƙon murya yana kwaikwayon yadda ake cinikin kuɗin fansa: a kawo miliyan kaza, a haɗo da babur da katin waya, in Juma'a ta wuce a zo a ɗauki gawa. Ya iya sosai, har da shiru tsakanin magana. 'Yan zauren suka yi ta tura alamar wuta da tafi. Yaron da aka sace wa hali, ɗan wajen Batsari, bai ce uffan ba, can dare ya fice daga zauren. Ƙanen nawa ya miƙo mini wayar yana cewa, "Yaya, don Allah duba, mi aka yi mashi? Ba fa wanda ya zage shi." Daga baya suka ji cewa mahaifin yaron ya taɓa kwashe makonni a hannun mutanen daji, kuma shi ne aka riƙa ba waya yana jin irin wannan murya.

Babu ashar a saƙon nan, babu jini, da wuya wata na'urar tace kalamai ta tsaya a kansa. Amma ya fi "fasa mashi kai" dubu ciwo. Kalmomin PUBG na wani tsibiri ne da babu shi a taswira. Kuɗin fansa, daba, infoma, "an shigo garinku", waɗannan na Jibiya ne da Safana da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa, suna da masu su, kuma masu su na raye. Ɗalibai sama da 300 da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba 2020 yanzu samari ne, sa'o'in masu buga gem ɗin nan, wataƙila wani yana cikin tawagarka ba ka sani ba. Mutanen ƙananan hukumomi 13 da aka yanke wa layin waya a Satumbar 2021 sun san abin da ya jawo hakan. Ba ina cewa kada a taɓa yin labari a kan 'yan bindiga ba, al'umma na buƙatar ta ba da labarin abin da ya same ta. Amma wanda zai buɗe wannan babi a zauren wasa, wajibi ne ya tambaya tukuna, kuma in mutum ɗaya ya ce a'a, a bar shi. Haka sunayen da ake sa wa tawaga. Yaro ya sa wa kansa sunan wani ƙasurgumin ɗan bindiga, ko tawaga ta kira kanta ƙauraye, wato 'yan daban gari, yana ganin ƙarfi ya nuna, bai san wa ke karantawa a ɗaya gefen ba.

Akwai kuma kwararar da ke tafiya ta ɗaya hanyar, wadda ta fi tayar mini da hankali, wato a ɗauko bakin gem a ɗora wa mutuwar gaske. Wanda ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na birnin Christchurch a ƙasar New Zealand ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 ya ɗaura kyamara a kansa ya watsa kai tsaye a Facebook, hoton ya fito tamkar na wasan harbi, magoya bayansa kuma suka riƙa lissafa mamatan a matsayin maki. Ba gem ne ya sa shi ƙin Musulmi ba, aƙidarsa ce. Amma bakin gem ya ba masu yaba masa hanyar yin magana a kan rayuka ba tare da sun ji nauyinsu ba. Mu ma muna da namu ɗan rabon. Bidiyon gawarwaki zai zagayo, a ce na 'yan bindiga ne, sai ka ji matashi na cewa "an sheƙe goma, saura nawa", da irin muryar da yake ƙirga na Free Fire. Na fahimci zafin da ke sa a faɗi haka, wanda aka ƙona wa gari ba a koya masa tausasa harshe. Sai dai bakin da ya saba ƙirga gawa kamar maki ba ya tsayawa ya tambaya ko cikin goman nan akwai makiyayin da tsautsayi ya rutsa da shi.

Kada mu sa rai kamfanoni za su tsare mana wannan. A 2023 Activision ya sa wata na'ura mai suna ToxMod da ke sauraron muryoyin 'yan Call of Duty don kama cin zarafi, kuma da Ingilishi aka fara ta. Habaicin Bakatsine, ko barazanar da aka naɗe cikin "Allah ya kai mu kasuwar Jibiya, za mu haɗu", sai ɗan gida ne zai gane. Aikin ya dawo kan masu riƙe da zauruka da shugabannin tawaga da yayye. Mai zaure ya rubuta a sarari abin da ba a kwaikwaya sai da yardar kowa, ya ware wata kalma da in an faɗe ta wasa ya tsaya, ya hana ambaton unguwa ko makaranta ko iyayen ɗan wasa a lokacin faɗa. Uba ko uwa da suka ji "kashe shi" daga ɗaki, maimakon ƙwace waya, su leƙa su tambayi yaron wa ake nufi, su saurari ko zai nuna allo ko zai ambaci sunan ɗan maƙwabta. Idan kuwa yaro ne aka turo wa saƙon da ya ambaci gidansu ko hanyar makarantarsu, kada ya goge, kada ya rama. A ɗauki hoton saƙon da sunan asusun da ranar, a kai ƙara ta maɓallin da ke cikin wasan, a sanar da babba a gida, in wanda ya turo ɗan gari ne a je wurin mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa da shaidar a hannu.